Sawunmu a cikin na'ura

1. Mai bin sawu

Idan akuya ta ɓace a gari, akan kira wanda ya iya bin sawu. Sai ya duƙa ya dubi rairayi. Bai ga akuyar ba, bai ga wanda ya ja ta ba, amma sai ya ce: "Mutum guda ne. Dogo ne, yana sanye da takalmin roba, kuma yana ɗingishi da ƙafar hagu. Gabas ya yi." Sawu guda ba ya gaya masa komi. Sai ya haɗa goma ko ashirin sannan labari ya fito.

Yara, a wannan zamani ba bisa rairayi kaɗai muke barin sawu ba. Duk lokacin da aka kira wani da salula, ko aka aika hoto, ko aka tura kuɗi ta waya, ko aka nemi wani abu a intanet, an bar sawu a cikin na'ura. Sawun rairayi iska takan share shi kafin marece. Sawun na'ura kuwa yakan yi shekara da shekaru bai goge ba. Kuma yanzu akwai na'urorin da suka iya bin wannan sawu fiye da kowane mutum.

2. Mene ne bayanan mutum?

Bayanan mutum su ne duk abin da za a iya gane shi da shi. Ga wasu daga ciki: sunansa da na iyayensa, ranar haihuwarsa, garinsu da unguwarsu, lambar wayarsa, hoton fuskarsa, muryarsa, zanen yatsunsa, ciwon da ya kai shi gidan likita, makin da ya samu a makaranta, kuɗin da ya aika da waɗanda aka aiko masa, da wuraren da yake zuwa.

Tun dā ma ana rubuta irin waɗannan bayanai. Malam yana da littafin kiran suna. Gidan likita yana da nasa littafi. Takardar haihuwa tana ajiye a ofishi. Amma kowane littafi yana wurinsa, cikin akwatinsa. Wanda yake son ya haɗa su sai ya yi tafiya, ya nemi izini, ya kwafa da hannu. Yau bayanai da yawa suna cikin kwamfuta. Kwafarsu ba ta ɗaukar ko minti guda, kuma ana iya aika su wata ƙasa kafin ƙiftawar ido.

3. Yaya na'ura take koyo?

Ku tuna yadda ƙanenku ya koyi bambanta akuya da tunkiya. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa darasi. Ya dai ga awaki da yawa, ya ga tumaki da yawa. In ya kira tunkiya akuya, a gyara masa. A hankali ya gane.

Haka ake koya wa kwamfuta. Ana nuna mata hotuna dubbai, kowane da sunan abin da ke cikinsa. Sai ta yi ƙoƙarin faɗar suna. In ta kuskure, ta ɗan gyara lissafinta, ta sāke gwadawa. Bayan gwaji mai yawan gaske, sai a nuna mata hoton da ba ta taɓa gani ba, ta faɗi abin da ke ciki. Wannan shi ake kira koyon na'ura. Na'ura ba ta da rai, ba ta da hankali irin na ɗan Adam. Lissafi take yi, tana neman abubuwan da suka saba zuwa tare.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1959 wani masani ɗan Amurka, Arthur Samuel, ya bayyana yadda ya sa kwamfuta ta koyi wani wasa mai kama da dara. Amma sai da aka sami bayanai masu ɗimbin yawa sannan abin ya bunƙasa. A shekarar 2009 wasu masana a Amurka suka fito da wani rumbun hotuna mai suna ImageNet, wanda daga baya ya zarce hoto miliyan 14. Da irin wannan rumbu na'urori suka ƙware wajen gane abin da ke cikin hoto.

Koyon na'ura yana da amfani ƙwarai. Yana taimaka wa likitoci su gano tarin fuka a hoton ƙirji. Yana taimakawa wajen hasashen yanayi. Da shi ake fassara, kuma tun shekarar 2013 Hausa take cikin harsunan da Google yake fassarawa.

Amma ku lura da abu guda. Abincin na'ura mai koyo shi ne bayanai, kuma ba ta ƙoshi. In an ƙara mata, sai ta ƙara ƙwarewa. Shi ya sa bayanan mutane suka zama haja mai tsada. Wasanni da shafuna da yawa da muke cewa kyauta ne, da bayananmu muke biyan su.

4. Na'ura takan gano abin da ba ka faɗa ba

Mai bin sawu bai tambayi ɓarawo tsawonsa ba, daga tazarar sawu ya gane. Ita ma na'ura haka take yi. Salula kullum tana magana da doguwar eriyar kamfanin waya da ta fi kusa da ita, domin kira ya same ta. Saboda haka kamfanin ya san yankin da wayar take. In waya tana kwana wuri guda kowane dare, nan ne gidan mai ita. In tana zuwa wani wuri kowace safiya, can ne wurin aikinsa. In ta soma zuwa gidan likita kowane mako, to akwai rashin lafiya. Mai wayar bai gaya wa kowa ba, sawunsa ne ya faɗa.

A shekarar 2013 masana a Kambirij ta ƙasar Ingila suka duba abubuwan da mutum fiye da 58,000 suka nuna suna so a Facebook, da yardarsu. Daga wannan kaɗai na'ura ta yi hasashen ko mutum namiji ne ko mace, da shekarunsa, da addininsa, da ra'ayinsa na siyasa, kuma sau da yawa ta faɗi daidai.

5. Goge suna bai isa ba

Wani zai ce: "To, a goge sunana mana, ai shi ke nan." Bari mu gwada a ajinmu. Ba zan faɗi suna ba. Yarinya ce. Nan take rabin aji ya fita. Tana zaune a layin gaba. Saura huɗu ko biyar. Da hannun hagu take rubutu. Duk kun san ko wace ce. Abu uku kawai na faɗa, kuma ba guda daga cikinsu da yake sirri ne. Haɗa su ne ya tona ta.

Irin wannan ya faru a Amurka. A jihar Masacusets, wata hukuma ta bai wa masu bincike takardun jinyar ma'aikatan gwamnati bayan ta goge sunaye. Amma ta bar ranar haihuwa, da lambar gidan waya ta unguwa, da ko mutum namiji ne ko mace. A shekarar 1997 wata ɗalibar jami'a, Latanya Sweeney, ta sayi jerin sunayen masu jefa ƙuri'a na birnin da gwamnan jihar yake zaune, a kan dalar Amurka 20. Ta jera takardun biyu. Mutum shida ne a birnin suke da ranar haihuwa irin ta gwamnan. Uku daga ciki maza ne. Guda ne kaɗai yake unguwarsa. Ta haka ta ware takardar jinyar gwamna, ta aika masa ofishinsa. Daga baya ta lissafa cewa waɗannan abubuwa uku sun isa a ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka.

A shekarar 2013 kuma wasu masana suka duba sawun wayoyin mutum miliyan ɗaya da rabi na tsawon wata 15, ba tare da sunaye ba. Suka gano cewa in an san wuri huɗu da mutum ya je, da lokacin da ya je, wannan ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen, kowa daban da saura.

Ko sojoji ba su tsira ba. Akwai wata manhaja mai suna Strava da masu motsa jiki suke auna gudunsu da ita. A ƙarshen shekarar 2017 kamfanin ya fitar da taswirar duniya mai nuna hanyoyin da mutane suke bi, babu suna ko guda. A farkon 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura da ƴan zobba masu haske a tsakiyar daji, a ƙasashe kamar Afganistan da Siriya. Sojoji ne suke kewaya sansaninsu da gudu, sawunsu ya zana sansanin ga duk duniya.

6. In sirri ya fita

Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce. Bayani ma haka yake, in ya fita ba ya komowa. Ga misalai uku.

Na farko. Mutum wajen 270,000 suka amsa wasu tambayoyi a Facebook, suna ganin kamar wasa ne. Ashe manhajar tana kwasar bayanansu tare da na abokansu, waɗanda ba a tambaye su ba. A shekarar 2018 aka tona cewa bayanan mutane da za su iya kai miliyan 87 sun faɗa hannun wani kamfani mai suna Cambridge Analytica, mai yi wa ƴan siyasa aikin neman ƙuri'a. A 2019 hukumar Amurka ta ci Facebook tarar dalar Amurka miliyan dubu 5. Darasin nan shi ne: wayarka ba sirrinka kaɗai ta ɗauka ba, har da na mutanenka.

Na biyu. A shekarar 2020 aka ji labarin kamfanin Clearview AI, wanda ya tattara hotuna fiye da miliyan dubu 3 daga intanet ba da izinin masu su ba. Da su ya gina na'urar da za a nuna mata fuskar mutum ta nemo sauran hotunansa. A 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta yanke masa tarar yuro miliyan 20. Ku tuna, in ɓarawo ya sami makullin ɗaki, ana iya sauya kwaɗo. Amma mutum ba ya iya sauya fuskarsa ko zanen yatsunsa.

Na uku. Akwai na'urori masu hira, waɗanda ake rubuta musu tambaya su ba da amsa, kamar ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022. Sun koyi magana ne daga tarin rubuce-rubucen intanet. Wani lokaci sukan haddace abin da suka karanta. Tun a shekarar 2020 masana suka nuna cewa ana iya sa wata irin wannan na'ura, mai suna GPT-2, ta fito da sunan mutum na gaske da lambar wayarsa, don ta taɓa gamuwa da su lokacin koyo.

A nan gida ma abin ya shafe mu. Iyayenmu da yawa saƙon murya suke aikawa ta WhatsApp. Yau akwai na'urorin da in sun sami ɗan guntun muryar mutum, za su kwaikwaye ta su faɗi abin da bai faɗa ba. Macuci yana iya kiran uwa da murya irin ta ɗanta da ke ci-rani, ya ce yana cikin matsala a turo kuɗi. In ya riga ya san sunan ɗan, da garin da yake, da sunan ƙanwarsa, ƙaryarsa sai ta yi kama da gaskiya.

7. Dabarar kwabo

Shin ana iya amfana da bayanai ba tare da an tona asirin kowa ba? Ana iyawa. Ga wata dabara da za mu gwada a aji.

A ce malam yana son ya san yara nawa ne suka taɓa gudun makaranta, amma ba ya son ya kunyata kowa. Kowane yaro zai jefa dala a ɓoye. In gefen da aka rubuta lamba ya fito, ya faɗi gaskiya. In ɗaya gefen ya fito, dole ya ce "i", ko ya taɓa ko bai taɓa ba.

A ce mu 40 ne, kuma 26 suka ce "i". Mun san wajen rabinmu, wato 20, dala ce ta tilasta musu. 26 a cire 20, saura 6. Ke nan a cikin yara 20 da suka faɗi gaskiya, 6 ne suka taɓa gudu. A cikin 40 kuwa, wajen 12 ke nan. Malam ya sami abin da yake nema, amma ba zai iya nuna yaro guda ya ce "kai ne" ba, domin kowa yana iya cewa dala ce ta sa shi. Lissafin ba ya fita daidai cif a ƙaramin aji, amma in mutane sun yi yawa yakan matso kusa da gaskiya.

Wani masanin lissafi, Stanley Warner, shi ya bayyana irin wannan dabara a shekarar 1965. A 2006 Cynthia Dwork da abokan aikinta suka fito da hanyar lissafi mai auna yawan ruɗun da za a zuba a cikin bayanai don kada a gane mutum guda. Amurka ta yi aiki da ita wajen fitar da sakamakon ƙidayar jama'arta ta 2020.

Akwai kuma wata dabara. Maimakon a kwashi bayananka a kai wa na'ura, sai na'ura ta yi koyonta a cikin wayarka, ta aika da abin da ta koya kaɗai, bayanan su zauna gida. Google ya bayyana cewa yana gwada wannan hanya a shekarar 2017.

8. Me doka ta ce?

Dabara kaɗai ba ta isa ba, sai da doka. A shekarar 2014 Tarayyar Afirka ta amince da wata yarjejeniya a birnin Malabo kan tsaron intanet da kare bayanan mutane, wadda ta soma aiki a 2023. Dokar Tarayyar Turai ta soma aiki ranar 25 ga watan Mayu 2018. A Nijar an kafa dokar kare bayanan mutane a shekarar 2017, aka sabunta ta a 2022. Dokar ta tanadi wata babbar hukuma mai lura da wannan aiki, wadda ake taƙaita sunanta na Faransanci da HAPDP. Maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa tata dokar a 2023.

Waɗannan dokoki sun haɗu a kan wasu ƙa'idoji. Wanda zai karɓi bayananka ya gaya maka dalili. Kada ya karɓi fiye da abin da aikin yake bukata. Kada ya juya su ga wani aikin da bai faɗa ba. Ya tsare su da kyau. Kai kuma kana da haƙƙin ka ga abin da aka rubuta a kanka, a gyara in akwai kuskure.

Wannan ba yana nufin mu guje wa masu ƙidayar jama'a, ko masu rigakafi, ko masu yin takardar haihuwa ba. Ƙasa ba ta iya gina makarantu in ba ta san yawan yaranta ba. Likita ba ya iya yin magani in an ɓoye masa ciwo. Abin nema shi ne a san wanda ake ba, da dalilin da ya sa ake ba shi.

9. Abin da za mu yi

Kafin ka ba da bayani, yi wa kanka tambaya uku. Wa yake nema? Me zai yi da shi? In ya bazu, wa zai cutu? Sannan ka riƙe waɗannan:

Lambar sirri ta waya ko ta asusun kuɗi ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Kada ka sa hoton katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa a intanet.

Kada ka aika hoton abokinka, ko muryarsa, ko lambar wayarsa, sai ka tambaye shi. Amana ce.

In wasa ya nemi ya ga hotunanka, ko lambobin mutanenka, ko wurin da kake, ka ƙi, ka nuna wa babba.

Kada ka rubuta wa na'ura mai hira sirrin gidanku.

In an kira ana neman kuɗi da gaggawa, a kashe waya, a sāke kiran mutumin ta lambar da aka san shi da ita.

Iyayenmu da yawa suna da salula amma ba su iya karatu ba. Ku ne kuke karanta musu saƙo, ku ne kuke danna musu lamba. Saboda haka sirrinsu yana hannunku. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ku riƙe abin da kuka gani, kuma ku bayyana musu abin da kuka koya a wannan darasi.

Sababbin kalmomi

Bayanai: abubuwan da aka sani aka rubuta game da mutum ko wani abu.
Manhaja: tsarin aiki da ake sa wa waya ko kwamfuta, kamar wasa ko abin aika saƙo.
Hasashe: faɗar abin da ba a gani ba ta hanyar duba alamu.
Tara: kuɗin da hukuma take sa mai laifi ya biya.

Tambayoyi

1. Ina bambancin sawun rairayi da sawun na'ura?
2. Kawo bayanan mutum guda biyar.
3. Me ya sa na'ura mai koyo take bukatar bayanai da yawa?
4. Waɗanne abubuwa uku ne suka sa aka gane takardar jinyar gwamna?
5. Don me satar hoton fuska ta fi satar makulli muni?

Aiki

A wani aji mai yara 60 an yi dabarar kwabo, yara 39 suka ce "i". Yara wajen nawa ne suka taɓa gudun makaranta? Rubuta lissafinka a cikin kaye.

A gida, ka tambayi wani babba mai salula ko an taɓa kiran sa ana neman lambarsa ta sirri, da abin da ya yi. Gobe za mu tattauna a aji, ba tare da an ambaci sunan kowa ba.